Jagoran da Na Yi da Sandar Makara

Makarfi, ranar kasuwa, bayan yankan dawa.

Zuwa ga ɗana Tanimu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, da gaɓoɓinka cif yadda ka bar gida da su. Yaya baƙunta, yaya ruwan Kaduna, yaya mutanen da ka sauka a wurinsu? Allah ya haɗa ka da masu tausayi, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na wuta. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Labarin gida kuwa ba zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi, in ban da ƙusa guda a bangon shago da yanzu ba komai a kanta.

Ka san ƙusar da nake nufi. Ran da muka raka ka tashar mota, na dawo na buɗe shago, na ɗaga kai, sai na ga tsohon jagoran zarto ba ya nan, sai shacinsa a jikin bango inda hayaƙi bai taɓa ba. Ban ce ka yi sata ba. Ni da bakina na sha gaya maka ba ni da abin bar maka sai kayan aikin nan. Amma da zarto ka ɗauka, ko guduma, kai, da ka kwashe shagon kaf ka bar mini guntun icen nan a rataye, da hankalina kwance yake. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Saboda haka ka nemi wuri ka zauna, ka karanta takardar nan har ƙarshe kafin ka kusanci injin nan da shi.

Na tuna yadda ka kwatanta mana injin lokacin da ka dawo daga ganin wurin aikin. Ka ce tebur ne, da wani ɗan ƙarfe mai kaifi da ya leƙo ta tsakiyarsa, lantarki na juya shi har ido ba ya ganinsa, kana tura katako yana cin hanya. Ka ce, "Baba, da jagoran nan naka da injin nan, haƙoran akwatin da kake wuni kana yi, kafin a idar da alwala an gama." Na yi dariya, na ce to Bature. Wannan dariyar tana cikin kurakuraina, zan zo kanta. Bari in faro maka daga tushe.

Lokacin babban yaƙin Turawa, kana goye, ƙusa ta ɓace a kasuwa. Muna Ikara a lokacin, ina aiki a shagon Baba Jatau, wanda ya yi shekaru yana kafinta a reluwe a Zariya kafin ya dawo gida. Shi ya zo mana da haɗin yatsu: a yanka haƙora a bakin katako biyu, a cusa su cikin juna yadda mutum ke saƙa yatsun hannayensa, a ɗan shafa gam, kusurwar akwati ta kama ba ƙusa ko ɗaya. Wahalar ita ce haƙoran su zo daidai. Shi ya sa ake yin jagora, guntun ice mai tsaga inda zarto ke bi, da ɗan turke a gefen tsagar. Ka yanka gurbin farko, ka ɗora shi kan turken, shi zai nuna maka inda na biyu zai faɗa, haka har ƙarshen katako. In turke ya yi gaskiya kowane haƙori ya yi gaskiya, in ya karkace kaɗan, kafin ka kai ƙarshe ɓarnar ta taru. Mu kuwa duk jagoran da muka yi, damina na sauka sai ya kumbura, rani na zuwa ya tsuke, aiki ya lalace mana.

Ana nan sai mutanen wani ƙauye a Janfalan suka aiko a yi musu sabuwar makara. Muka yi, ni na kai. Tsohuwar tana jingine a bayan shingen maƙabarta. Gwangwalar tsakiya ta ruɓe, amma sandunan gefe biyu na ƙirya ne, baƙi wuluk, sun yi santsi saboda kafaɗun mutane. Tsakar rana ce, ƙasa na ƙona ƙafa, amma da na ɗora hannu kan sandar sai na ji ta da sanyi kamar gindin randa. Kafinta ya ga icen da ya gama duk wani motsi da zai yi a duniya, ai ka san yadda rai ke biyawa. Na tambayi ladanin garin, wani tsoho siriri, ko haramun ne in yanki guntu.

Ya ce, "Malam Garba, ni dai ban san littafin da ya hana ba."

Na ce, "To alhamdu lillahi."

Ya ce, "Amma tun zamanin kakana a nan ake jingine duk tsohuwar makara gara ta cinye. Ban taɓa jin wanda ya koma da ɗaya gida ba."

Rabin maganarsa na farko na ɗauka, na bar masa sauran. Zarto na shiga icen wani ƙamshi ya taso, na ganyen magarya da turaren da ake sa wa likkafani, har tsohon ya ja da baya yana salati. Ni kuwa na ƙarasa yankan, na sa a buhu na kama hanya.

To ka ji darasi na farko. A Kaduna za ka ga abubuwa masu kyau a yashe, ba mai gadi, ba mai hanawa. Kada tambayarka ta tsaya kan ko an hana. Ka tambaya me ya sa mutanen wurin, da suka riga ka gani kuma suka fi ka buƙata, suka bar abin a inda yake. In tsoho ya yi maka magana ya ƙara da amma, to abin da ya biyo bayan amma ɗin shi ne ya tsaya dominsa.

Guntun da na yanko gajere ne, don so nake in bar wurin. Da na zo yin jagora sai ice bai isa a fitar da mariƙi ba. Na ce ba komai, a dafe shi ta baya. Ɗauko shi yanzu ka duba. In ka riƙe katako a jikinsa da hannun hagu, ina yatsanka na nuni yake kwanciya? Daidai bayan tsagar, inda ƙarfe ke ɓullowa. Ba aljani ya yi wannan ba, ni na yi shi da gaggawata.

A lokacin ba mu san rula ba, ba mu san inci ba. A al'adar shagonmu, da yatsan maigidan shago ake auna faɗin turke, girmamawa ce, wato hannunsa yana cikin kowane aiki ko da bai taɓa ba. Baba Jatau ya miƙo yatsansa na nuni na hagu, kakkaura irin na mutanen da, na zana, na fere turke daidai da shi. Ban gaya masa inda icen ya fito ba. Ya shinshina, ya dube ni, bai tambaya ba.

Wallahi Tanimu, ban taɓa ganin kayan aiki irinsa ba. Damina ta zo ta wuce bai motsa ba. Akwatunanmu ko ruwa ka zuba ba ya fita ta kusurwa. Wata shekara gara ta shiga shagon, ta ci benci, ta ci ƙotar gizago, ta yi gininta ta kewaye jagoran ta wuce shi. Na yi ta alfahari, wai ƙirya ce. Sai dai sauran sandar da na bari a Janfalan ita ma ƙirya ce, kuma da na sake bi ta wurin ban sami ko ɓurɓushinta ba.

Wata ranar kasuwa na kawo akwatuna nan Makarfi, na jera su kusa da 'yan mazarƙwaila. Sai ga wani tsohon Bafulatani daga wajen Taba, idonsa ya tafi, matarsa na riƙe da bakin sandarsa, yana neman akwatin zuba tufafi. Ya shafa murfi, ya shafa gefe, yatsunsa suka sauka kan haƙoran kusurwa, sai ya tsaya cak. Ya janye hannu ya goge a rigarsa.

Ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan musulmi. Wa ya rasu?"

Na ce, "Baffa, akwati ne sabo fil, jiya na haɗa shi."

Ya ce, "Na ji akwati ne, yaro. Cewa na yi wa ya rasu."

Kasuwa cike take, rana tsaka, amma na ɗan lokaci ban ji ko kukan akuya ba. Matarsa ta ja shi suka tafi, yana tafe yana waiwaye da idanun da ba sa gani. Na gaya wa maƙwabtana tsufa ne ke damunsa, muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ba a daɗe ba, Baba Jatau na aiki da jagoran, zarto ya tsallake ya same shi a wannan yatsan da aka auna. Ƙaramin rauni ne, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Yatsa ya kumbura, ya yi baƙi, ƙarshe a asibiti a Zariya aka cire shi. Da ya dawo bai sake riƙe zarto ba. Ya kira ni zaure, ya miƙo mini jagoran da hannun dama, ya ce, "Garba, ka san inda ka samo shi, ni ban tambaye ka ba. Mai da musu kayansu."

Ga na biyu ke nan. Duk kayan aikin da ke so ka sa namanka a hanyar ƙarfe, komai kyansa, ba a gama yin sa ba. Ka tsaya ka sake shi, ko da maigidanka na tsaye a kanka yana duba agogo. Ni na ga inda jinin Baba Jatau ya zuba, na goge, ban ƙara wa abin mariƙi ba, don ina ƙyashin haɗa shi da wani ice da bai kai shi ba.

Na ce wa Baba Jatau to, kuma na kai shi. Na jingine shi a bayan shingen inda na ɗauko, na yi wa mamata addu'a, na juyo ban waiwaya ba. Kasuwa na zagayowa sai ga wani mai jakin rake da ban sani ba, ya tsaya a ƙofar shago, ya zaro shi daga cikin mangala.

Ya ce, "Kai ne kafinta? Ga kayanka da ka manta a maƙabarta."

Na ce, "Wa ya ce maka nawa ne?"

Ya ce wani mutum ne siriri mai farin mayafi ya tare shi a bakin shinge ya ba shi, ya kwatanta masa shagon har da ɗurumin da ke ƙofa. Fuskar bai gan ta sosai ba, wai rana ta yi ƙarfi. Na ce ai ladan ne, na ba shi ruwa ya sha ya tafi. Sai daga baya na ji ladan ya rasu tun kafin girbin da ya wuce. Ƙauye ba ya rasa siraran mutane masu farin mayafi, na sani, kuma haka na gaya wa kaina. Amma abin da nake so ka ji shi ne wannan: da na karɓi jagoran, ba tsoro ne ya fara zo mini ba, murna ce. Na ce tunda an dawo mini da shi, ai an yafe mini ke nan. Na ɓoye shi daga idon Baba Jatau har ya koma ga Mahaliccinsa, da muka dawo Makarfi da zama na fito da abina na ci gaba da aiki.

Shekaru suka tafi. Wata rana aka kawo mini wani tsohon akwatinmu na Ikara gyaran murfi, na ajiye shi kusa da sabo. Sai na ga haƙoran sabon sun fi sirantaka. Ice yana cinyewa da gurza, wannan kowane kafinta ya sani. Amma in turke ya rame, tsaga faɗi take ƙarawa, haɗi sai ya yi sako-sako. Wannan bai yi ba. Turke da tsaga tare suka tsuke, haɗin yana nan gam yadda yake. Ni kaɗai ne a shago, da hantsi. Ban san abin da ya sa ba, na ɗora yatsana na nuni na hagu a jikin turken. Ka san hannuna bai kai na Baba Jatau ba. Daidai ya zauna, ba ƙari ba ragi. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ikon Allah, na ci gaba da aiki.

Kafin a yi shuka a shekarar, ina cire tsakanin haƙora da kurfi, ƙarfen nan mai kaifin baki, ice ya tsage, kurfin ya wuce ta cikin tsagar ya same ni a wannan yatsan, haka na rasa shi. Kana elementare a lokacin. An gaya maka katako ne ya faɗo mini a hannu, kuma ni na ce a gaya maka haka.

Na uku ke nan. In zuciyarka ta ba ka gargaɗi, kada ka zauna kana nema masa fassarar da za ta yi maka daɗi. Ni an yi mini magana ta bakin ladan, ta bakin makaho, ta hannun maigidana, har ta yatsana, kowanne na samo masa amsa. Wayona ya yi mini yawa, ga shi yanzu ko igiyar wando da ƙyar nake ɗaurawa.

Daga nan na rataye shi ban sake saukewa ba. Ƙona shi ban iya ba, icen da ya ɗauki musulmi zuwa makwancinsu bai dace da wuta ba. Binne shi kuma, ka ji gaskiya, rowa ce ta hana ni, don duk rayuwata ban yi abin da ya kai shi daidaito ba. Ka sha tambayata me ya sa muke fama da jagorori masu kumbura ga wannan a bango, ina ce maka ya tsufa.

Yanzu na zo kan dariyar. Ran nan da kake ba mu labarin injin, kai ka miƙa hannu ka sauko da shi. Kana juya shi kana magana, sai ka ɗora yatsanka a jikin turken da wasa, ka ce, "Baba, duba, kamar don ni aka yi." Tanimu, na duba. Yatsunka na masu riƙe alƙalami ne, sun fi nawa sirantaka nesa ba kusa ba. Tun ran da na rataye abin nan katako bai goge shi ba, balle a ce gurza ce. Amma daidai ya zauna. Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne to Bature.

Kunya ce ta hana ni. An sauke tutar Turawa an ɗaga tamu, rediyo kullum sabon zamani yake faɗa, ɗana ya san inci ya san lantarki, zai je ya yi tebura da akwatunan sababbin ofisoshi. Na ji tsoron ka dube ni yadda kuke duban tsofaffi masu camfi. Na zaɓi girmana a idonka, na bar hannunka a hanya. Duk cikin kurakuran nan wannan ne ya fi ci mini rai. Idan Allah ya ba ka naka 'ya'yan, kada ka ɓoye musu abin da ya cuce ka don gudun su yi maka dariya. Su yi dariyar, ba ta zubar da jini.

Wataƙila kana karantawa kana cewa Baba ya tsufa. Ni ma ina salla, na san ba abin da ke cutarwa sai da izinin Allah, kuma liman ya maimaita mini haka da na je masa. To na yarda. Ajiye makara, ajiye Bafulatani, ajiye mai farin mayafi, ka saurari kafinta kawai. Zarto da kurfi da ƙarfin hannu suke tafiya, in ka ji zafi ka tsaya su tsaya, duk da haka ga abin da suka yi wa mutum biyu da suka fi ka shekaru a aikin. Injin naka bai san zafi ba. Za ka tura jagoran a kan tebur, ƙarfen ya ci katako, ya bi ta tsagar, ya ɓullo ta baya daidai inda yatsanka ke kwance, kuma ba zai rage gudu ba. Ko ka ɗauki wancan bayanin ko wannan, wuri guda suka nufa.

Tare da takardar nan Ɗan'asabe, direban motar da ke kai mazarƙwaila Kaduna, zai ba ka ƙunshi. Sabon jagora ne. Na maɗaci ne, kuma na tambayi mai katakon inda aka saro shi har ya gaji da ni. Dogo ne, da mariƙi a kowane gefe nesa da tsaga, na kuma toshe bayan tsagar da dunƙulen ice mai kauri don ƙarfen ya ɓoye a ciki. Turken da rularka ta makaranta na auna shi, wadda ka bari a ɗaki, ba yatsan kowa a cikinsa. Bai kai tsohon daidaito ba, kuma damina na zuwa zai kumbura. In ya kumbura ka jefar ka yi wani, ice ne kawai.

A cikin ƙunshin akwai farin ƙyalle da innarka ta yanko. Ka naɗe tsohon a ciki ka ba Ɗan'asabe hannu da hannu. Kada ka ƙona shi, kada ka yar da shi a bola wani ya tsinta. Kada ka ba abokin aiki aro ko na gwaji guda, kada ka bar kowa ya ɗora yatsansa a jikin turken. Ni da liman za mu je Janfalan, wannan karon haƙa zan yi in binne, in tsaya har ƙasa ta rufe shi.

In kuma takardar nan ta makara, abin da nake tsoro ya riga ya faru, kada kunya ta riƙe ka a can kamar yadda ta riƙe bakina. Ka shigo mota ka dawo gida. Na san yadda ake riƙe katako da abin da ya rage, zan koya maka, laifin kuma ba naka ba ne.

Allah ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, ya tsare hannayen da kake neman halal da su, ya sa ƙarfe ya yi maka biyayya. Allah ya jiƙan Baba Jatau, ya jiƙan duk waɗanda sandar nan ta ɗauka, ya yafe mini abin da na taɓa wanda ba nawa ba. Ka riƙe salla, ka gaishe da maigidanka da mutanen masaukinka.

Abu guda ya rage. Kada ka ba Ɗan'asabe saƙon baki cewa kana lafiya, kada kuma ka wahalar da kanka da dogon rubutu. Na bar bayan takardar nan fari da gangan. Ka shimfiɗa hannunka na hagu a kai ka zagaye shi da fensir, sannan na dama, ka aiko. Innarka ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga, kuma ta ce ba za ta yarda da bakin kowa ba sai ta ƙirga da kanta. Allah ya sa ta samu cif, amin.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Garba kafinta.